Zoben Gizagizai a Kwalin Malam Shu'ibu

Ranar wata Talata, mako biyu da dawowa daga hutu, masinjan makaranta ya kawo wa Malam Shu'ibu Gana wani ƙunshi daga gidan waya. Ambulan ne mai kauri, da kan sarkin Amurka har biyar a jere. Tun kafin ya juya bayansa ya gane rubutun Istifanus.

Shu'ibu malamin lissafi da kimiyya ne a sakandaren maza ta Haɗeja, yana da shekara talatin da ɗaya a wannan shekara ta 1975. Katanga ɗaya ce ta raba gidansu da na su Istifanus Irmiya tun suna yara. Mahaifin Istifanus mutumin Kagoro ne, aikin asibiti ya kawo shi garin tun zamanin En'e, ya zauna har ya rasu. Tare yaran biyu suka yi firamare, tare suka koyi iyo a kogi, tare suka shiga jami'a a Zariya. Da suka gama, wata jami'a a Amurka ta ba su gurbin karatu su biyun. Saura wata guda su tafi kwalekwale ya kife da Hamman, yayan Shu'ibu, a hanyar gona. Ya bar Inna, uwarsu tsohuwa, da mata, da 'ya'ya huɗu, da gonar shinkafa a fadama. Shu'ibu ya kwance akwatinsa. Ba wanda ya ce masa ya fasa tafiyar, shi ma bai tsaya jiran a ce masa ba. Istifanus ya tafi shi kaɗai, yau shekara huɗu ke nan.

A cikin ambulan akwai wasiƙa, da takardu goma sha huɗu cike da lambobi layi-layi.

"Mutumina," in ji wasiƙar, "ka tuna yadda muke cewa tsakanin taurari ba komai sai fili? To ba haka ba ne. Akwai gizagizai na iskar gas, manya ƙwarai, masu tsananin sanyi da duhu, kuma a cikinsu ake haihuwar sababbin taurari. Ido ba ya ganin su. Amma a cikinsu akwai 'yar iskar nan mai kisa da gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki, ita kuwa tana fitar da wani siririn sauti na rediyo. Muna da wata na'ura mai kama da ƙaton faranti, da ita muke sauraro. Kowane layi a takardun nan gajimare ɗaya ne: ga sashen da yake a sama, ga kuma gudun da yake yi, ko yana nufo mu ko yana nisantar mu. Ka san garken taurarin da ranarmu take ciki, galaksi, juyawa yake kamar dutsen niƙa na inji, sai dai na ciki sun fi na waje saurin zagayowa. Saboda haka daga gudun za ka iya fitar da nisan kowane gajimare daga tsakiya. Na rubuta maka ƙa'idar a shafin ƙarshe. Ka lissafa, ka gaya mini inda suka taru. Ka gaida Inna da amarya. Ka duba mini Mama."

Shu'ibu ya karanta sau biyu a tsaye. Aka buga ƙararrawa, ya shiga aji uku ya koyar da darasin da bai iya tuna ko na mene ne ba bayan ya fito.

Daga ranar aikin ya cinye masa la'asar. In ya dawo daga masallaci sai ya shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar tsakar gida, ya fito da rular lissafinsa ta jami'a da littafin jadawalin nan da ɗalibai ke kira fofiga. Layukan sun haura ɗari huɗu, kowanne kuma yana cin minti goma in hankali na kwance. Ya samo farin kwali babba daga makaranta, ya zana da'ira goma sha biyu, wata cikin wata. Tsakiyar kwalin ita ce tsakiyar galaksi. A da'ira ta goma ya yi 'yar alama da jan biro, wurin ranarmu ke nan. Duk gajimaren da ya gama lissafawa sai ya ɗiga masa ɗigo a da'irar da ta dace da shi.

Matarsa Zaituna ta yi shekara biyu a makarantar horon malamai kafin aurensu. A mako na biyu ta ajiye tsintar shinkafar da take yi, ta matso.

"Malam, kawo in riƙa karanto maka. Idonka ya yi ja."

Ta riƙa karanto lambobin, shi yana jan rula yana rubutawa. Wata rana, ba tare da ta ɗago daga takardar ba, ta ce, "Shekara uku ina gidan nan, ban taɓa jin kana waƙa ba sai yanzu."

"Ni? Waƙa?"

"Ƙasa-ƙasa kake yi. Ba daɗi, amma waƙa ce."

Ya yi dariya, sannan ya ji kunya ta kama shi, ya ce ta karanto na gaba.

Da Oktoba ta yi nisa shinkafa ta fara nuna, tsuntsayen nan jan-baki suka sauko fadama dubu-dubu. Ranakun Asabar da Lahadi shi ke tsaron gona. Yakan tura kwalekwale tun da sassafe, ya hau rumfar da aka kafa bisa dirkoki a tsakiyar ruwa, inda igiyoyi suka miƙe zuwa kowace kusurwa da gwangwanaye a rataye. Ya ɗaura igiya ɗaya a babban yatsan ƙafarsa, yana ja yana lissafi, kwalin a kan cinyarsa.

A nan, wata Asabar da hantsi, ya ɗiga ɗigo na ɗari uku da wani abu, ya miƙa hannu ya riƙe kwalin nesa da fuskarsa don ya huta da ido. Sai ya tsaya.

Tun farko ya ɗauka ɗigon za su bazu ko'ina daidai, ko kuma su cunkushe a tsakiya su yi ta raguwa zuwa baki. Ba haka suka yi ba. A can ƙuryar tsakiya akwai ɗan tari. Daga nan sai fili, da'ira ta biyu da ta uku kusan wayam. Sannan daga ta huɗu zuwa ta bakwai ɗigon suka yi baƙi ƙirin, sun fi yawa a ta biyar da ta shida, kusan rabin tazarar da ke tsakaninmu da tsakiya. Bayan nan suka soma sirancewa, har zuwa wurin jan biro, inda sai ɗaiɗai. Gefe ɗaya ne kawai na kwalin yake da ɗigo, amma ko makaho ya shafa ya san baka ce ta zobe.

"Zobe," ya faɗa a fili. "Zobe ne."

Ya waiga dama da hagu yana neman wanda zai nuna wa. Ba kowa sai ruwa da shinkafa da wani zalɓe a tsaye. Ya tuna ɗakinsu na jami'a, yadda in ɗayansu ya warware wata tambaya yakan jefi ɗayan da takalmi don ya tashi ya gani. Ya zauna da kwalin a hannu, bai san tsawon lokacin ba, sai da muryar Umara maƙwabcin gonarsa ta ratso ruwa.

"Malam! Barci kake yi? Sun cinye maka gabas!"

Ya ja igiya da ƙarfi. Tsuntsayen suka tashi kamar hayaƙi, amma sun riga sun yi ɓarnar da suka yi.

Da yamma ya nuna wa Zaituna. Ta daɗe tana kallo, ta tambayi abin da ya hana gizagizan zama a filin nan na ciki. Ya ce bai sani ba, kuma yana jin ba wanda ya sani tukuna. Ya ji daɗin tambayar, amma daɗin bai kai inda yake so ba, kuma ta lura.

Akwai wani abu da ya dame shi. Shafi na tara da na goma ba su yi daidai da sauran ba. A kowane shafi akwai gizagizan da ke kusa da mu, waɗanda gudunsu kusan sifiri ne. A waɗannan shafuka biyu kuwa duk sun gusa da adadi ɗaya, kamar ma'aunin da aka ɗora wa tsakuwa. Ya sake lissafi sau uku. Ya ware ɗigonsu da fensir, ya rubuta bayanin abin da yake zargi.

Kafin ya rufe wasiƙar ya ɗauki kwalin ya zaga gidan Mama Dibora, mahaifiyar Istifanus. Tsohuwar ungozoma ce, rabin matasan unguwar a hannunta aka haife su, har da 'ya'yan Hamman. Ya same ta a kujerar katako a ƙofar ɗaki, ƙafafunta sun kumbura, tana numfashi da ƙyar. Wata biyu da suka wuce ba haka take ba.

"Mama, sannu da jiki. Kin je asibiti kuwa?"

"Na je. Ni da na yi shekara talatin a can, me za su gaya mini? Zuciya ce. Mene ne wannan ka naɗo kamar tabarma?"

"Aikin Istifanus ne."

Ta sa ya ɗauko mata tabarau. Ya durƙusa ya buɗe kwalin a gabanta, ya yi mata bayani a hankali: gizagizan sanyi, da taurarin da ake haifa a cikinsu, da zoben.

"Haihuwa kuma? Ashe gadona ya yi." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ce, "Mu muna ina?"

Ya nuna mata jan biron.

"Can bayan gari. To. Shi kuma wannan aikin, a cikin ɗaki yake yin sa ko a waje? Ka san ba ya jure sanyi."

"A ɗaki ne, Mama."

Ta shafa ɗigon da yatsa, a hankali, kamar mai shafa kan jariri. "Shekara huɗu, Shu'ibu. Hotonsa nake gani, ya tara gemu. Muryarsa ce na fara mantawa. Jiya na yi ta ƙoƙari in tuna yadda yake cewa Mama, na kasa." Ta cire tabarau. "In za ka rubuta masa, ka ce lafiyata ƙalau. Kada ka tayar masa da hankali, ya kusa gamawa."

Shu'ibu ya naɗe kwalinsa. Ya koma gida ya zauna da biro a hannu har aka kira magariba. Bai taɓa saɓa wa matar nan ba tun yana yaro. A ƙarshe, a ƙasan bayanin shafi na tara da na goma, ya rubuta: "Mama ta ce in gaya maka lafiyarta ƙalau. Na gaya maka. Ni kuma ina gaya maka ka zo, kada ka jira ka gama."

Istifanus ya iso kwana shida kafin Kirsimeti. Daga Kano ya hau jirgin ƙasa zuwa Malam Madori, Shu'ibu ya ɗauko shi a babur. Ya rame, Hausarsa tana ɗan tuntuɓe a kan wasu kalmomi. A ƙofar gida ya tsaya ya kasa shiga, sai da Shu'ibu ya tura shi. Shu'ibu bai bi shi ba. Daga waje ya ji an ce "Mama," ya ji kujerar katako ta faɗi, ya juya ya tafi gida.

Sai a kwana na uku suka samu zama. Suka tafi bakin kogi bayan azahar, inda masunta suke shanya taru, ruwan ya ja baya ya bar laka mai tsagewa. Shu'ibu ya buɗe kwalin a kan wani kifaffen kwalekwale. Istifanus ya duƙa a kai, yana bin ɗigon da yatsa.

"Da hannu ka yi duk wannan."

"Ni da Zaituna. Daidai ne?"

"Daidai ne." Istifanus ya ɗago. "Shu'ibu, gara ka ji daga bakina. Zoben nan an riga an san da shi. Wasu sun buga a mujalla tun kafin in aiko maka. Mu ma kwamfutarmu ta fitar da shi a yini ɗaya."

Shu'ibu ya dubi kwalin. Mako shida, da kusurwar gona guda.

"Wato jarrabawa ka ba ni. Kamar ɗan aji biyar."

"A'a."

"To mene ne? Tausayi?"

"Ranar da na fara ganin sa," in ji Istifanus, "ina tare da mutum biyu. Suka ce madalla, suka tafi shan kofi. Na tsaya da takarda a hannu, ba abin da nake so sai in nuna maka. In na rubuto maka amsar, karantawa kawai za ka yi. So nake ka gan shi yadda na gan shi."

Shu'ibu ya kau da kai yana kallon wani masunci da ke ɗinke taru. Fushin bai tafi duka ba, amma ya rasa inda zai ajiye shi.

"Shafi na tara da na goma kuwa," Istifanus ya ci gaba, "wannan ba wanda ya gani. Ni na yi kuskuren. A makon da na auna su na manta ban cire gudun da duniya take yi a zagayen rana ba yadda ya kamata. Kwamfuta ta haɗiye haka nan. Da a haka na kai kundina, da na sha kunya. Na nuna wa malamina wasiƙarka. Ya tambaye ni wane ne wannan, kuma me yake yi a can."

Ya fito da takarda mai ninki uku daga aljihu. Fom ne na neman gurbin karatu. Malamin ya ce zai riƙe wuri har ƙarshen Maris.

Shu'ibu ya karɓa bai buɗe ba. Ya nuna gefen kwalin da babu ɗigo ko ɗaya. "Nan fa?"

"Wannan sashen kudu ne. Na'urorinmu duk suna arewacin duniya, ba sa hango shi sosai. Ba a auna ba tukuna. Wataƙila zoben ya zagayo, wataƙila ba zobe ba ne sam, hannuwa ne da suka naɗe. Aikin shekara goma ne, ko fiye." Ya dube shi. "Da kai za a yi shi, in ka zo."

Istifanus ya yi kwana goma sha tara. Ya kai mahaifiyarsa coci ranar Kirsimeti a motar haya, ya gyara mata rufin ɗaki, ya ci tuwon shinkafa da miyar kifi a gidan Shu'ibu har Inna ta ce ko a can ba a ba su abinci ne. A tashar Malam Madori, suna jiran jirgi, ya ce, "Wani lokaci ji nake da ni na zauna, kai ka tafi."

"Ba gaskiya ba ne."

Istifanus ya yi murmushi, idonsa ya ciko. "Ba gaskiya ba ne. Amma kai ne za ka kasance a wurin ranar da Mama za ta tafi, ba ni ba."

Haka kuwa aka yi. Mama Dibora ta rasu a tsakiyar Fabrairu, da safe, Zaituna na riƙe da hannunta. Shu'ibu ne ya je ya kira fasto, shi ya buga waya Kagoro, shi ya tsaya har aka rufe kabari.

Fom ɗin yana cikin littafin fofiga. Ya cike shi tun Janairu, da rubutunsa mafi kyau. Zaituna ce ta fara tayar da maganar.

"Malam, ka tafi. Shekara huɗu ce. Zan koma koyarwa, Umara zai riƙe gonar a raba. Ba za mu mutu ba."

"Babban ɗan Hamman shekararsa goma sha biyu. Inna ba ta gani da ido ɗaya."

"Na sani. Na kuma san yadda kake tun da aka gama lissafin nan. Kana zaune da mu, amma ba ka nan."

Shu'ibu ya tashi. Ya shiga wurin Inna da niyyar ya gaya mata batun tafiyar, ya same ta tana laluben zaren carbinta da ya tsinke. Ya zauna ya tsince mata 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya daga kan tabarma, ya zura su, ya ƙulla. Ta yi masa addu'a, ta kira shi da sunan Hamman, sannan ta gyara. Ya fito bai faɗa ba.

A makon farko na Maris, ranar ƙarshe da wasiƙa za ta iya isa a kan lokaci, ya tafi gidan waya da ambulan biyu a aljihu, babba mai fom ɗin a ciki, da ƙarami. Ya bi layi. Da ya iso gaban kanta, ma'aikacin ya miƙo hannu, Shu'ibu ya tsaya har na bayansa suka fara tsaki. Sannan ya ba da ƙaramin. A cikinsa ya gode wa malamin Istifanus, ya ba da haƙuri. Ga Istifanus kuma layi biyu ne: in an auna kudu, ko bayan shekara nawa ne, a aiko masa da lambobin kafin a gaya masa amsa.

Bai wuce gida kai tsaye ba. Ya bi ta kasuwar kifi, ya tsaya kallon mata suna juya banda a kan wuta, bai sayi komai ba. Da ya shiga gida Zaituna tana kwashe tuwo.

"Ka aika?"

"Na aika wasiƙa."

Ta dube shi, ta dubi aljihun rigarsa inda bakin babban ambulan ya leƙo. Ba ta ƙara tambaya ba. Ta ajiye masa kwano, ta kira yaran Hamman su wanke hannu. Ƙaramar cikinsu, Yagana, ta zo ta zauna a jikinsa tana ba shi labarin wata akuya da ta shiga ajinsu ta cinye alli. Ya saurare ta har ƙarshe, ya tambaye ta launin akuyar.